Ni da Inna a Brighton, Ba Ɗan Aike

Tun da muka dawo daga bakin teku ban huta ba. Duk Juma'a in an idar da salla a masallacin Whitechapel na nan London, kafin in gano inda na ajiye takalmina wani ya riƙo hannuna: "Malam Habu, wai da gaske Hajiya ta yi swimming?" Ban san wanda ya ƙaga wannan ba, amma ina zargin Ɗanjuma mai tasi, don shi ko gaisuwa sai ya ƙara mata gishiri. To, Inna ko yatsan ƙafarta ba ta tsoma a ruwa ba. Bari in rubuta yadda aka yi sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in nemi takalmina cikin natsuwa.

Sai na fara da abin da yaranmu na nan ba za su gane ba. Ni ne ɗan farin Inna. A Gwarzo, macen zamaninsu ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta kallon idonsa. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Shekarata arba'in da bakwai, kuma Inna ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ni ina iya yi mata, kaina a ƙasa, amma amsa sai ta bi ta bakin wani. Ina tsaye a gabanta za ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ki tambayi wancan ko ya ci abinci." Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Kunya ce, kuma tuwon da ake ajiye wa "wancan" kullum shi ya fi nama.

Amma akwai maganar da ba ta aikuwa. Shekara tara da suka wuce Baba ya kwanta ciwo ina nan London, takarduna ba su fito ba, in na fita babu dawowa. Duk lokacin da na buga waya sai a ce jiki da sauƙi. Zuciyata ta san ba haka ba ne, amma ban matsa da tambaya ba, don ina tsoron amsar. Aka binne shi ina tuƙa bas. Daga baya ƙanwata ta gaya mini har ranar ƙarshe yana cewa ina Habu. Da na samu zuwa gida bayan shekara uku, na roƙi gafarar Inna ta bakin Gwaggo, ta shiga ɗaki ta fito ta ce, "Ta ce ba komai." Wannan "ba komai" ta ɗan aike ba ta taɓa kwantar mini da rai ba. So nake in ji da kunnena.

Bana Inna ta yarda ta zo ganin jikoki, wata uku. Tun a filin jirgi kunyar ta kusa jawo mana aiki. Na fi awa ina tsaye da rigar sanyinta a hannu, sai ga wata ma'aikaciya ta turo ta a keken marasa lafiya tana dariya har da hawaye. Ladi sunanta, 'yar Jos, ita ta yi mata tafinta wajen jami'in shige da fice.

"Oga, kai ne ɗan farin?" ta ce. "Mama ta kusa sa a yi mata return saboda kai. Officer ya ce wajen wa kika zo, ta ce wajen yaron nan. Ya ce sunansa fa, ta ce ai yana cikin takarda. Sau uku! Sai da na yi masa explaining al'adarmu, ya karanta sunan da kansa, ita kuma ta kalli ƙasa. Ya ce to, ya ɗauki wannan a matsayin e."

Inna ta gyara mayafi ta ce wa Ladi, "'Yar nan, ki ce masa ya rame."

Wata uku suka kusa cika a gidanmu na Tottenham, matata Binta ce ɗan aike. Kullum ina cewa gobe zan yi maganar, kullum falo cike da yara da baƙi. Da ya rage kwana biyar ta koma, kuma ta riga ta ce ba za ta sake hawa jirgi ba sai dai na Makka, muka shirya kai ta Brighton ta ga teku, kwana ɗaya a can, mu uku. Da safen tafiyar wayar Binta ta yi ƙara.

"Habu, sun kira ni aiki, ba wanda zai yi cover. Ku tafi kawai, an riga an yi booking."

Har yau ina zargin Binta ita ta kira kanta. Inna tana zaune ta gama shiri, rigar sanyi a kan atamfa, safa biyu a kowace ƙafa.

"Ni da wa?" ta ce.

"Ku da baban Ummi, Inna," in ji Binta, wato ni ke nan.

Na ɗauka an fasa. Can Inna ta miƙe ta ce, "To, ki ce masa kada ya manta da buta."

Daga tashar Victoria zuwa Brighton kusan awa guda ne a jirgin ƙasa. Tun da na yi wayo ban taɓa zama ni da ita mu kaɗai na minti goma ba. Ta zauna jikin taga, na zauna gefe, ban san inda zan ajiye idona ba. Muna fita daga cikin gidaje Inna ta samo dabara: ta koma yi wa taga magana.

"Da za a samu ruwa, da an sha," ta ce wa gilashi. Na miƙa gora.

Muka wuce wani fili kore shar, tumaki sun bazu. "Ikon Allah. Tumaki ba makiyayi. Ko ƙasar nan ba ɓarayi?" Ni ma sai na amsa wa tagar, na ce akwai su, amma su waya suke sata. Ta ɗan yi tsaki, irin wanda take yi in abu ya ba ta dariya ba ta so a gane. Wani Bature da ke gabanmu, karensa kwance a kan cinyarsa, ya dinga leƙa tagar yana neman wanda muke wa magana a waje.

Masaukinmu wani siririn gida ne mai hawa uku, 'yar tafiya kaɗan daga ruwa. Mai gidan tsohuwa ce mai suna Maureen, gashinta fari fat, kowa "darling" ne a bakinta, har ni da gemuna. Inna tana ganinta fuskarta ta washe, ta samu ɗan aike. Ta kama hannunta ta ce da Hausa, "Baiwar Allah, ki gaya masa ya sa hula. Kansa ba gashi, ga iska."

Maureen ta dube ni ta ce me ta ce. Haka na tsaya na fassara mata saƙon da aka aiko mini. Da na bayyana mata dalili, ta dafa ƙirji ta ce ita ba ta taɓa jin irin wannan ba, sannan ta juyo ta nuna ni da yatsa ta ce da Turanci in sa hula yanzun nan. Na sa. Daga nan aiki ya kankama: Inna ta faɗa wa Maureen, ni in fassara wa Maureen, Maureen ta maimaita mini da faɗa.

Muna shan shayi Inna ta ga hoton wani saurayi a bango, ta tambaya. Ɗan Maureen ne, shi kaɗai gare ta, yana Ostareliya, rabonta da shi shekara shida. Inna ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce, "Ai ba laifinsu ba ne. Abinci ne ke kai su." Wannan ban fassara ba, don na kasa.

Abin da ya fi ba Inna haushi a gidan famfo ne. Guda biyu ne a wajen wanke hannu, ɗaya ya ƙona ka, ɗaya ya daskarar da kai, kuma ba sa haɗuwa. Ta fito daga alwala tana yarfa hannu tana cewa mutanen da suka ƙera jirgin sama sun kasa sirka ruwa. Butar nan ita ta cece mu.

Da azahar ta gabato muka fita yawo. Muna shan wata kwana sai ga gini fari ƙato, ƙubbobi birjik, ga dogayen hasumiyoyi. Kafin in buɗe baki Inna ta ce "Alhamdu lillahi," ta tuɓe takalmi a kan ciyawa ta riƙe a hannu ta nufi ƙofa. Na bi ta da sauri na ce, "Inna, ba masallaci ba ne. Gidan shaƙatawar wani sarkinsu ne na da, nan yake zuwa cin abinci da rawa."

Ta tsaya, takalmi a hannu, ta ƙare wa ginin kallo daga sama har ƙasa. Ta ce wa ginin, "Duk wannan ƙubba, ba ko liman?"

Muka yi sallarmu a wata kusurwar lambun, sannan muka shiga. Ɗakunan zinariya da fitilun da ke reto daga sama ba su dame ta ba. Madafa ce ta tsayar da ita. Tukwanen jan ƙarfe jere reras a bango, manya da ƙanana, suna ƙyalli. Ta daɗe a gabansu, ta ce Allah ya ji ƙan matan da suka yi ta wanke waɗannan, don ta tabbata ba wanda ya rataye hotonsu. Daga nan muka ratsa tsofaffin lungunan garin, matsattsu kamar na kasuwar Kurmi, shagunan gwal a jere. Inna ta leƙa ta ce gwal ɗinsu fari-fari ne, bai kai na Makka ba, ta wuce abinta.

Sai teku. Na so in ga fuskarta, don ruwa mafi girma da ta taɓa tsayawa a bakinsa dam ne. Muka fito daga wani titi sai ga shi a gabanmu, ba ƙarshe. Ta tsaya cak, ta kama ƙarfen bakin hanya, bakinta yana motsi da tasbihi. Da ta gama ta ce, "Duk wannan, ba a sha, ba a ban-ruwa da shi?" Bakin ruwan kuma ba yashi ba ne, tsakuwa ce manya-manya, ga mutane kwance a kai kusan tsirara, cikin ranar da ko barkono ba za ta busar ba. Inna ta kau da kai ta ce ko ba su da gado a gida ne.

Akwai wata doguwar gadar katako da ta shiga cikin teku ba ta tsallaka ko'ina, an cika ta da lilo da kiɗa da shagunan alawa. Muka taka ta a hankali. Ta tsakanin katakon kana hango ruwa yana motsi a ƙasa, Inna ta ƙi kallon ƙafarta har muka kai ƙarshe muka juyo. A kusa da bakin gadar muka tsaya sayen kifi da soyayyen dankali. Mai suyar yana jin Inna ta ce wa iska kifin nan an lulluɓe shi kamar mai zazzaɓi, sai ya ajiye cokali.

"Salamu alaikum! Mama, ka zo lafiya? Yaron ka ne wannan?"

Malam Sulley ke nan, mutumin zangon Kumasi, shekararsa ashirin a garin. Inna ta ce, "Wannan bawan Allah ya mai da ni namiji da rana tsaka," amma ta sake da shi nan take. Ya fito ya zauna da mu a kan benci, suka shiga hirar goro kamar sun shekara da sanin juna. Ya ce in yi hankali da tsuntsayen nan farare, halin shirwa gare su. Bai rufe baki ba na ji iska a kunnena, kifina ya tashi sama gaba ɗayansa, aka bar ni da takarda da dankali uku.

Inna ta yi dariya. Ba tsaki ba, dariya sosai, ta rufe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa zama dalilin dariyarta ba sai ran nan, kuma wallahi da tsuntsun ya dawo da na saya masa wani. Ta ciro ƙullin yaji daga jaka ta barbaɗa wa nata kifin, ta raba biyu, ta miƙa wa Sulley babban rabin. "Ba shi," ta ce. Ina zaune a gefenta, tsakaninmu bai kai kamu biyu ba. Sulley ya karɓa da hannu biyu, ya zagayo ta bayan benci, ya miƙo mini da ladabi kamar ya kawo daga wata unguwa.

Duk wannan daɗin, maganar tana nan a wuyana. A gaban Sulley ba ta faɗuwa, a gaban Maureen ba ta faɗuwa, in kuma ba kowa Inna ba za ta amsa ba. Bayan magariba na tsaya a ƙofar ɗakinta na shirya kalmomina tsaf, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, sai da safe." Ta ce wa carbinta, "Allah ya tashe mu lafiya."

Da safe Maureen ta kawo ƙwai da burodi da waken gwangwani. Inna ta ɗanɗana ta ajiye cokali ta ce wa ya zuba sukari a wake. Da za mu tafi ta kwance jaka ta ba Maureen dambun nama da turaren wuta. Maureen ta rungume ta ta sumbace ta a kumatu, Inna ta sandare kamar an ɗora mata kwando a ka, amma ba ta ture ta ba. Ta ce, "Allah ya dawo miki da shi kina da rai." Wannan na fassara, Maureen ta shige madafa da sauri.

Muka hau bas mai bin gaɓar teku zuwa wajen fararen duwatsun nan da ake zuwa gani, masu kama da an yanka alli. Direban yana taka birki kamar yana jin haushinsa, na yi ta gyara masa tuƙi a zuciyata. Gwiwar Inna ba ta hawan tudu, don haka muka sauka a wani ƙaramin gari inda ake hango duwatsun daga ƙasa. Ba kiɗa, ba lilo, mutane jefi-jefi. Bencuna ne jere a bakin ruwa, duk suna fuskantar teku. Inna ta zauna a kan ɗaya, ni na tsaya a gefe.

Hannunta ya taɓa wani ɗan allon ƙarfe da aka kafa a jikin bencin. Ta shafa shi ta ce, "Ko me aka rubuta a nan."

Na karanta. Na ce sunan wata mata ce, Doris, wai tana son zama a nan, ɗanta ne ya sa aka rubuta bayan ta rasu.

Inna ta yunƙura za ta tashi. "Kabarinta ne?"

Na ce a'a. Haka suke yi, in nasu ya mutu sai su kafa benci da sunansa, duk wanda ya gaji ya zauna ya huta. Ta koma ta zauna a hankali. Ta dubi sauran bencunan, kowanne da ɗan allonsa. Ta ce, "Ashe su ma sun san sadaka."

Ban san lokacin da na tsuguna a gabanta ba, a kan siminti. Na ce, "Inna, ranar Alhamis za ku tafi. Maganar Baba ce. Yana kirana ban zo ba. Na san jikin ya yi tsanani, na yi kamar ban sani ba. Ku yafe mini, Inna. Ba ta bakin Gwaggo ba."

Ta mai da idonta kan ruwa. Na ce a raina shi ke nan, na sa ta a tsaka mai wuya, ba taga, ba Maureen, ba Sulley. Can sai ta ɗora tafin hannunta a kan ɗan allon ƙarfen.

"Ke mai benci," ta ce, "ke kin riga mu, ba ki da bakin kai magana gaba. Ki gaya masa ni na hana. Ni na ce duk wanda ya buga waya a ce masa da sauƙi. Na san in ya ji zai taho, in ya taho ya rasa komai, ga matarsa da tsohon ciki. Malam, mahaifinsa, ya ce a kira masa shi, na ce an kira ba a samu ba. Sau uku yana cewa, sau uku ina yi masa ƙarya, yana kwance yana kallona." Ta ƙara shafa allon. "Ki ce masa ni na raba shi da ganin ubansa. Shekara tara ina son in roƙe shi gafara, na rasa ta bakin wa zan aika."

Ban taɓa tunanin Inna na ɗauke da wani abu ba. Ni kaɗai nake ganin na ɗauko kaya, ashe nata ya fi nawa nauyi, kuma ita ba ta da ko Gwaggon da za ta gaya wa. Tausayinta ya kama ni har na manta da kaina. Na fashe da kuka, ƙato da ni, da hula da gemu, wata mata mai jan kare ta ratse ta ba mu wuri.

Na ce, "Inna, ba ku yi mini komai ba. In ma akwai, na yafe duniya da lahira. Ku dai ku yafe mini."

"Ki ce masa ban taɓa riƙe shi da komai ba," ta ce wa bencin. "Ko na kwana ɗaya. Malam ma da ya gaji da tambaya, albarka ya sa masa. Ina wajen."

Ta share ido da bakin mayafi. Iska tana ta kaɗawa, gwiwoyina sun fara ciwo a kan simintin, amma ban motsa ba. Sai na ga ta ɗauke hannunta daga kan allon, ta jawo jakarta ta ɗora a cinya, ta matsa gefe guda.

"Tashi, ƙasan da sanyi. Zo ka zauna."

Na waiwaya in ga wa take wa magana. Ba kowa a wajen sai ni.

Na tashi na zauna kusa da ita. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba, teku muka sa a gaba. Bas biyu masu komawa Brighton suka zo suka wuce, ba wanda ya ce a tashi.